Wayar kwantiragi daga waje, okaziyo, sabuwa dal ko ta biya kaɗan-kaɗan: wacce za ka saya?

Salamu alaikum yan uwa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, satin da ya wuce ɗan yayata da ke kai kaya tsakanin Kusiri da Njamena ya kira ni da wayar abokinsa muryarsa duk ta canza, wai kawu wayata ta ƙi aiki alhali ga ta a kunne. iPhone ce ya saya okaziyo, watau ta hannu, wajen wani mai teburi da kuɗin adashin da ya yi wata bakwai yana zubawa, ta yi masa aiki lafiya lau kusan wata biyu, ranar nan ya haye gadar Ngeli sai ya ciro sim ɗinsa na Kamaru zai saka na Chadi, wani ɗan siririn abu kamar ɓawon albasa mai ruwan zinariya ya faɗo daga tiren sim ɗin, shi bai ma san da zaman abin a ciki ba, ya ɗauka datti ne ya hure shi. Daga nan waya ta ce atafau, kowane sim ya saka rubutu ɗaya take nuna masa, ba ta karɓa. Da ya koma wajen mai teburin amsar da ya samu ita ce ai shi ya sa ka same ta da araha. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don na san yadda yaron nan ya sha rana kafin ya tara kuɗin.

Toh bari in fara da inda kullen layin nan da ya hana wayarsa karɓar sim ya samo asali, don in ba ka gane shi ba duk kwatancen da zan yi a ƙasa ba zai shige ka ba. Mu nan waya daban layi daban, ka sayi wayarka a kasuwa, ka je ka yanki sim na MTN ko Orange ko Camtel, in a Chadi kake Airtel ko Moov Africa, ka zuba kiredi ka sayi mega, ran da babu kuɗi ka haƙura. A Amurka shekara da shekaru kamfanin layi ne ke sayar maka da wayar da kansa, ya rage maka farashi sosai amma ka sa hannu a kwantiragi cewa shekara 2 kana biyansa kuɗin wata, kuma ya kulle wayar ta yadda ba za ta karɓi sim ɗin kowa ba sai nasa.

iPhone ta farko ta fito ranar 29 ga Yuni 2007, dala 499 ƙaramar, dala 599 babbar, a layin AT&T kaɗai da kwantiragin shekara 2. Ko wata uku ba a yi ba Apple ya zaftare dala 200 daga farashin babbar ta koma 399, waɗanda suka kwana a layi suka saya da tsada suka yi ca, sai da Steve Jobs ya fito ya ba su haƙuri da takardar sayayya ta dala 100. A lokacin gida kake tafiya da wayar ka kunna ta da kanka a kwamfuta ta iTunes, sai mutane suka riƙa saye ba su shiga kwantiragin ba, a fasa kullen a tura ƙasashen waje, wani yaro ɗan shekara 17 George Hotz shi ya yi suna wajen buɗe ta a watan Agusta na shekarar. Da iPhone 3G ta zo ranar 11 ga Yuli 2008 sai aka canza doka, farashi ya faɗo dala 199 amma ba ka fita shago da ita sai an kunna ta an ɗaura maka kwantiragi a nan take, ranar farko ma na'urorin kunnawar suka cushe mutane suka yi ta tsayuwa riƙe da sabuwar waya da ba ta kira.

Nan ne wurin da nake so ku tsaya ku yi lissafi da ni. Talla ta ce rabin kuɗi, daga 399 zuwa 199, ragin dala 200 kenan. Amma kuɗin data na wata ya tashi daga dala 20 zuwa 30, goma sau wata 24 dala 240, ka ga tun nan an riga an karɓe ragin har da ɗorin 40. Saƙon tes 200 da a da yake cikin kuɗin wata aka cire shi sai ka biya dala 5, wani 120 kenan. Wayar da aka ce ta yi araha da 200 ta ƙare ta fi tsada da 160. Masu saye da yawa sun gano haka tun a makon farko suka yi ta ƙorafi, amma layi bai ragu a ƙofar shago ba, don mutum abin da zai fitar daga aljihu yau shi yake gani, na wata-wata kuwa sai ya ce Allah ya kai mu. In kuma ka ce ka fasa a tsakiya akwai tarar fita, AT&T dala 175 yake karɓa kafin ya ɗaga ta zuwa 325 a 2010, Verizon ya kai tasa 350 tun ƙarshen 2009. A 2014 iPhone 6 dala 199 ce da kwantiragi, 649 in za ka saya a buɗe, wannan 450 ɗin da ke tsakani bashi ne aka raba maka cikin kuɗin wata ba tare da an kira shi bashi ba.

Faransa ma da muka fi sani haka aka yi. Orange ne ya fito da iPhone can a ƙarshen Nuwamba 2007, yuro 399 da kwantiragi, wajen jaka 262 na sefa kenan, watau sefa dubu 262, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne, in kana son ta babu kwantiragi kuma a buɗe 749, wajen jaka 491. Sai da Free Mobile ya shigo a Janairu 2012 da forfe na yuro 19.99 da wani na yuro 2, babu waya a haɗe babu ɗauri, mutane suka ruga, sannan sauran suka sauko da farashi. A Amurka buɗe waya babu izinin kamfani ya zama laifi a Janairu 2013, mutum sama da dubu 100 suka sa hannu a takardar koke zuwa fadar White House, Obama ya sa hannu a dokar da ta dawo da halascin ranar 1 ga Agusta 2014. T-Mobile ya watsar da kwantiragi a 2013, Verizon a 2015, AT&T a farkon 2016. Kanada ta hana sayar da waya a kulle daga Disamba 2017, Ingila daga Disamba 2021. Sai dai kar wannan ya ruɗe ka, a Amurka suna kawai aka canza, yanzu cewa ake ka biya wayar cikin wata 36 ana yi maka ragi a bil ɗin kowane wata, ka bar layin ragin ya tsaya ragowar kuɗin ya hau kanka, kuma yawanci wayar tana nan a kulle sai ka gama biya. Irin waɗannan wayoyin da ba a gama biyansu ba, ko aka sace, ko mai su ya gudu da bashi, da yawansu ne ke gangarowa ta Dubai da Duwala da Legas har su iso teburin Garwa da Marwa.

Toh ga zaɓi na farko, wayar waje mai kulle wadda ake lallaɓa ta da cip, irin ɗan siririn abin nan da ya faɗo daga tiren sim ɗin ɗan yayata. Abin da ke jan mutane fili yake, sabon samfuri, kyamara mai kyau, jiki babu ƙwarzane, farashi ƙasa da na buɗaɗɗiya nesa ba kusa ba. Amma ka san wannan, kullen iPhone ba a cikin wayar kaɗai yake ba, a rubuce yake can a na'urorin Apple, kuma Apple da kansa ya ce kamfanin layin ne kaɗai ke iya ba da umarnin a buɗe. Cip ɗin nan irin su R-SIM yaudarar wayar kawai yake yi ta ɗauka sim ɗin gidansu ne a ciki. Ran da ka goge wayar, ko ka sabunta manhaja, ko ka canza sim, sai abin ya iya warwarewa ka koma wajen mai gyara ka sake biya, wani lokaci kira ya shiga mega ya ƙi, wani lokaci sabis ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Mutumin da ke zaune wuri ɗaya da sim ɗaya zai iya lallaɓawa shekara. Amma mu nan arewa wa ke zaune da sim ɗaya? Ɗan Kusiri kullum yana Njamena, ɗan Garwa yana shiga Yola, ɗan Mokolo da Gider suna zuwa Mubi, kowa da layin ƙasa biyu a aljihu, ga layin kuɗi daban. Waya mai tsoron a ciro mata sim ba ta dace da rayuwarmu ba ko kaɗan.

Akwai kuma wani sabon tarko, daga iPhone 14 da ta fito a Satumba 2022 duk wadda aka yi wa kasuwar Amurka ba ta da ramin sim kwata-kwata, eSIM kawai take ɗauka, watau sim marar kati da kamfanin layi ke saka maka a cikin wayar. In buɗaɗɗiya ce to da sauƙi, sai ka je ajans na kamfanin layinka ka tabbatar za su ba ka eSIM a garinku tun kafin ka biya kuɗin wayar. In kuwa a kulle take babu ma inda za a cusa cip, shi ya sa wasu ke fasa ta a huda gefen a dasa mata ramin sim, waya ce da aka yi wa tiyata, ruwa da ƙura suna da hanya, kuma ƙurar hunturun nan tamu ba ta buƙatar babbar ƙofa. Ni dai ko kyauta ɗana ya samu irin wannan zan ce ya riƙe ta don hoto da wifi kawai kar ya ɗora lambar kasuwancinsa a kai.

Kar kuma a haɗa kullen layi da kullen iCloud, wannan ya fi muni. Tun iOS 7 a 2013 wayar da mai ita bai cire asusunsa ba in an goge ta sai ta nemi kalmar sirrinsa, Android ma tana da irin nata tun 2015 mai neman asusun Google na baya. Wadda aka ce maka an yi mata baipas, watau an tsallake kullen nan da dabara, ka bar ta a teburin, galibi ta sata ce, kuma ba ma maganar asara kaɗai ba, riƙe kayan wani da aka ƙwace ba abin da mutum zai so ya kwana da shi ba ne.

Zaɓi na biyu okaziyo buɗaɗɗiya ta gaskiya, wadda aka saya tun asali babu kwantiragi ko aka gama biya kamfanin ya sake ta. Wannan ita ce nake ba wa mai son iPhone ko babbar Samsung shawara, ko da zai sauko samfuri ɗaya ko biyu ƙasa da wanda ransa ke so. Ta fi mai cip tsada, eh, amma ka saka sim ɗin da ka ga dama, ka sabunta manhaja hankali kwance, ran da za ka sayar kuma tana da daraja. Matsalarta batir ne da rashin garanti. Apple ya ce wayarsa ta fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a Garwa watan Maris da Afrilu muna wuce 40, tsohon batir da ya sauka ƙasa da kashi 80 ba ya kai ka la'asar, ga ɗauke wuta. Sai ka sa kuɗin canza batir cikin lissafi tun farko, kuma ka duba ko an taɓa canza sikirin, don sikirin na jabu a rana tsaka ba ka ganin komai.

Gwajin da za ka yi a gaban mai kaya ba ya cin minti ashirin, kuma dan Allah kar kunya ta hana ka, ka ce Alhaji ka yi haƙuri kuɗin gumi ne zan duba. Ka ciro tiren sim da hannunka ka kalle shi da kyau ko akwai wani abu manne. Ka danna *#06# lambar IMEI, lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, ta fito ka gwada ta da wadda ke jikin kwali in akwai. Ka shiga Settings, General, About, in da Faransanci take Réglages, Général, Informations, ka sauka wajen Carrier Lock, dole ka ga No SIM restrictions ko makamancinsa da Faransanci. A shafin nan lambar samfuri in ta ƙare da LL/A ta Amurka ce, sai ka ƙara buɗe ido. Sannan babban gwajin, ka ce a goge wayar gaba ɗaya a gabanka, ka saka sim ɗinka ka kunna ta daga farko har ta buɗe, ka yi kira, ka buɗe mega, ka danna *126# na MTN ko #150# na Orange ka ga layin kuɗinka na amsawa, ka cire ka saka sim na wani kamfanin. Mai kayan da ya ce a'a kar a goge za ta ɓata lokaci, ka yi masa godiya ka wuce teburi na gaba.

Zaɓi na uku ba ya buƙatar dogon bayani, sabuwa dal a kwali, Tecno ko Infinix ko itel, duk na kamfanin Transsion ne na Shenzhen a Sin, ko Samsung da Redmi masu matsakaicin kuɗi. Sim biyu, batir babba, kowane mai gyara a kasuwa yana da sikirin ɗinta, kana da faktir da garanti. Kyamararta ba za ta kamo iPhone ba kuma bayan shekara biyu ko uku takan fara nauyi, amma ga ɗan kasuwa da mai klando, watau ɗan acaɓa, da uwar gida mai sayar da kaya a WhatsApp, a ganina ita ce daidai, kuma ita na ce wa ɗan yayata ya saya tun farko.

Na huɗu shi ne wanda ya fi kama da kwantiragin Turawa, ka ba da kafin alƙalami ka tafi da waya kana biya kullum ko duk sati ta layin kuɗi. A Kenya Safaricom ya fara nasa a 2020 shilin 20 a rana, M-KOPA na yi a Kenya da Uganda da Najeriya da Ghana, tsarin kuma sai yaɗuwa yake a Afirka. Yadda yake aiki, akwai manhajar kulle a cikin wayar, ka yi lattin biya ta rufe sai ka zuba kuɗi ta buɗe. Ban ce haramun ba ne ko cuta ce, mafi yawan malamai sun yarda a sayar da kaya bashi da farashin da ya ɗara na hannu in dai an yanke shi tun farko, inda ake samun magana shi ne tarar latti, wannan ka kai wa malaminku takardar ya duba. Abin da nake roƙo kawai ka ɗau biro ka ninka. Mu ce wayar jaka 70 ce a hannu, aka ce ka ba da jaka 20 sannan sefa 350 kullum na wata 8, kwana 240 kenan, jaka 84, ka haɗa da na farko jaka 104, ka ɗora jaka 34 a kan wayar jaka 70. In wayar ce za ta kawo maka kuɗi daga gobe, kana karɓar oda ko kana aikin tura kuɗi, ƙarin zai iya biyan kansa. In don kallon TikTok ne, adashin jaka 10 a wata ya kai ka ga wayar nan cikin wata 7 ba wanda ke riƙe da makullinta. Ka kuma tuna ranar da ta kulle ita ce ranar da ba ka da kuɗi, watau ranar da ka fi buƙatar ka kira wani ya taimake ka. Ka tambaya tun a shago, in an sace wayar zan ci gaba da biya ne, in na gama biya yaushe za a cire manhajar, a rubuta maka. Kuma masu sayen okaziyo ku kula, irin waɗannan wayoyin ma ana sayar da su a teburi bashin bai ƙare ba, bayan kwana biyu ta rufe a hannunka.

Mu ma muna da namu dokokin kunnawa ai. Tun dokar 2015 sim a Kamaru sai da katin ɗan ƙasa, kuma mutum ɗaya ba ya wuce layi 3 a kamfani ɗaya, don haka kar ka yarda mai waya ya haɗa maka da sim da aka yi rajista da sunan wani, ran da layin ya toshe kuɗinka na ciki kai ba ka da ta cewa a ajans. Kuma waɗanda suka manta su tuna Oktoba 2020, lokacin da aka shirya karɓar kuɗin duwan, watau kwastan, kashi 33 cikin ɗari na farashin waya daga kiredin mai amfani da ita da zarar ta hau layi, mutane suka yi ta kuka a intanet da taken EndPhoneTax har shugaba Paul Biya ya sa aka dakatar. Da lambar IMEI aka shirya gane wayoyin, shi ya sa nake cewa duk wayar da za ka saya ka sa a rubuta maka IMEI ɗinta a faktir da sunan shagon da kwanan wata, ko a bayan takardar sikari ne, ka adana.

Ɗan yayata dai mai gyara ya sa masa wani cip ɗin ta tashi, amma na ce masa kar ya sake ciro sim ɗin nan kuma kar ya taɓa sabunta manhaja. Layinsa na Chadi yanzu yana cikin wata ƙaramar itel mai maɓalli da ya saya a Kusiri, ya kuma sake shiga adashi, kwasarsa sai bayan babbar sallah.